Ƙwallo da la'asar, kiɗa da dare: Yadda yinin wasa ke ciyar da Sabo ta Ibadan

A birnin Landan akwai filin wasa na Twickenham mai ɗaukar mutum 82,000, inda aka saba buga wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta manyan ƙungiyoyin Ingila. A wannan fili ne kuma ƙungiyar Iron Maiden ta yi wasa a watan Yulin 2008, Metallica ta biyo baya a watan Yunin 2019. Dukansu biyu makaɗan hebi metal ne, wato kiɗan jita mai tsananin ƙara da ganguna masu saurin bugu, wanda ake jin sa a ƙirji kafin ya kai kunne. Idan ranakun suka dace, ma'aikaci a can yakan haɗa biyun a yini guda: ya kalli ƙarti suna kokawar ƙwallo da rana, ya tsaya ya ci abinci, sa'annan ya hau jirgin ƙasa zuwa wani sashe na birnin inda makaɗa ke jiran dare.

A Najeriya zari-ruga bai yi farin jini ba, ko da yake ana buga shi a Legas da wasu garuruwan Arewa, har Kano na da ƙungiyarta ta Barewa. Hebi metal kuwa ya fi shi zama baƙo. Amma tsarin yinin kansa, wasa da yamma da kiɗa da dare, tsohon abu ne a ƙasar nan, kuma birane kaɗan ne suka ƙware a kansa kamar Ibadan, wadda dattawan Hausawa ke kira Badun. A can ƙwallon ƙafa ne ke cika yamma, kiɗan fuji ya karɓi dare. Sa'o'in da ke tsakanin busa usur na ƙarshe da fara kaɗa ganga kuwa, rabo mai yawa daga cikinsu yana faɗawa hannun wata unguwar Hausawa da ta haura shekara 100 da kafuwa, wato Sabo.

Unguwar da ke bakin hanya

Wanda ya tsaya a shataletalen Mokola, ƙarƙashin gadar saman da aka buɗe a 2013, hanyoyi za su rabu a gabansa. Ɗaya ta nufi Sango da Jami'ar Ibadan, ɗaya ta bi ta asibitin koyarwa na UCH, ɗaya ta gangara Adamasingba zuwa Dugbe, wata kuma ta shiga Sabo. A kan tsaunin Mokola akwai Cibiyar Al'adu ta jihar Oyo da otal ɗin Premier. Daga Sabo zuwa filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba tafiyar ƙafa ce. Wannan kusanci shi ne jarin unguwar a ranar wasa.

An kafa Sabo a 1916, lokacin da hukumar mulkin mallaka da sarakunan gari suka ware wa Hausawa mazauni nasu na daban, bayan sun daɗe suna sauka a gidajen Yarabawa a cikin tsohon gari. Abin da ya kawo su shi ne shanu da goro. Layin dogo ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fatauci tsakanin kurmi da Arewa ya ƙara sauri: shanu su gangaro kudu, goro ya haura arewa.

Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963 kuma ya wallafa littafi a kanta a 1969, ya tarar da mutum sama da 4,000 a cikinta. Ya nuna cewa amana ce ginshiƙin kasuwancin. Saniyar da ta shigo kurmi ba ta jure cizon ƙudan tsando na dogon lokaci, goro kuma ba ya son jinkiri, don haka dole a sayar da sauri, sau da yawa bashi. Maigida ne ke saukar da baƙon falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni idan mahaucin da ya ɗauki saniya ya makara da biya. A farkon shekarun 1950 mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma tsayar da sallar Juma'a a masallacinsu.

Yau kasuwar shanu ta koma bayan gari, wajen Akinyele, kayan gwari kuma sun fi sauka a Bodija da Sasa. Abin da Sabo ta yi suna da shi a bakin mutanen Ibadan shi ne 'yan canji da rana da masu tsire da dare. Sana'ar ta sauya, amma har gobe karɓar baƙo da biya masa buƙata ne abincin unguwar.

Daga hantsi zuwa la'asar

Wasannin gasar Firimiya ta Najeriya an fi take su da ƙarfe 4 na yamma, amma shirin mai tukuba yana farawa tun da sassafe. Sai an je mayanka an zaɓo nama, an yanka shi falle-falle, an tsire a tsinke, an daka ƙuli-ƙuli da citta da barkono an haɗa yaji. Mai nama yana yin lissafin da babu wanda ya koya masa a aji: wace ƙungiya ce ta zo, ranar ta faɗo kusa da biyan albashi ko nesa da shi, akwai alamar hadari ko babu. In ya sayi nama da yawa aka yi ruwa, asara ta hau kansa. In ya rage kuma fili ya cika, ciniki ya wuce wurin maƙwabci.

Mai shayi ma haka yake auna burodi da ƙwai da madara. 'Yan acaba da direbobin ƙananan motocin Micra, waɗanda suka zama tambarin titunan Ibadan, sun san cewa daga azahar zuwa la'asar hanyar Adamasingba za ta cushe. Masu tallan ruwan leda da rake da gyaɗa da goro suna kama wuri kusa da ƙofofin shiga tun kafin 'yan sanda su ja layi.

Ga Musulmin ɗan kallo, Bayarabe ko Bahaushe, lokacin take wasa yana karo da sallar la'asar. Wasu kan yi salla a masallatan Sabo da kewaye su rasa mintunan farko, wasu kuma su nemi gefen fili su shimfiɗa abin salla. Ana tashi wasan kusa da ƙarfe 6, magariba na gabatowa, don haka yinin ɗan kallo yakan bi jadawalin salla ko bai shirya hakan ba.

Filin da ya ga kofin Afirka

Filin Lekan Salami yana kan tsohon filin sukuwar dawaki na garin. An buɗe shi a 1988, kuma yana ɗauke da sunan Cif Lekan Salami, mutumin da tarihin ƙungiyar Shooting Stars ba ya cika sai da shi. Gwamnatin Seyi Makinde ta yi masa gyara ta sake buɗe shi a watan Satumban 2021.

Shooting Stars, mai riga shuɗiya, ita ce ƙungiyar Najeriya ta farko da ta ci kofin nahiyar Afirka. A 1976, tana amsa sunan IICC, da Segun Odegbami da Muda Lawal a cikinta, ta doke Tonnerre ta Yawunde a wasan ƙarshe na kofin zakarun kofunan ƙalubale. A 1992 ta ɗauki kofin CAF a shekarar da aka ƙirƙiro shi, bayan ta yi canjaras babu ci da Nakivubo Villa a Uganda, ta dawo Adamasingba ta zura mata ƙwallo 3 babu ko ɗaya. Wannan shi ne wasan ƙarshe da tsofaffin magoya baya ke kafa misali da shi idan ana zancen yadda fili ke cika. Ƙungiyar ta kuma ɗanɗana ɗaci: Zamalek ta Masar ta hana ta kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1984 da 1996, na biyun da bugun fenariti. A gida kuwa ta lashe gasar ƙasa sau 5, na ƙarshe a 1998.

Arewa na da hannu a wannan tarihi. Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna a 1963, ya fara wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL kafin Shooting Stars ta ɗauko shi a farkon shekarun 1980. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a wasa da Bulgeriya a 1994, kuma a Ibadan ya ƙare rayuwarsa a watan Mayun 2012.

Ranar da Kano Pillars ko Katsina United ta zo baƙunci, Sabo kan shiga wani hali na daban. Matashin da aka haifa a unguwar, wanda ke jin Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa, yana iya zama mai goyon bayan ƙungiyar gari, alhali kawunsa da ya zo ci-rani daga Kano bai san komai ba sai "Sai Masu Gida". A teburin mai shayi wannan saɓani abin raha ne. A kan benci cikin dubban mutane kuwa yana buƙatar hankali, domin filayen ƙwallon Najeriya, kudu da arewa, sun sha ganin jifa da dukan alƙalin wasa, har hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyoyi ko ta kore su daga filayensu. Duk ranar da aka kori ƙungiya zuwa wani gari, ko aka ce ta yi wasa ba 'yan kallo, mai tukuba a Sabo ya shiga cikin waɗanda aka hukunta ba tare da ya jefi kowa ba.

Tsakanin magariba da isha

Da an tashi wasa sai jama'a ta kwararo titi. Masu sha'awar abincin gari su nufi rumfunan amala da miyar wake da ta lalo, waɗanda Mokola ba ta rasa su. Sauran su gangara Sabo, inda hayaƙin tukuba ya riga ya tashi. A nan ake sake buga wasan da baki: wa ya ɓarar da ƙwallo, me ya hana koci canza ɗan wasa, alƙali ya yi adalci ko ya karkata. Ciniki na gudana da harshe uku, Yarbanci da Hausa da Turancin buroka, wani lokaci a jimla ɗaya.

Harshen Yarbanci kansa shaida ne na daɗewar wannan cuɗanya. Kalmomi irin su alubosa da wahala da alafia suna da 'yan'uwa a Hausa da kowa zai gane, kuma sunan da duk kudu ke kiran tsire da balangu da shi, wato suya, daga bakin Bahaushe ya fito. Wanda ya ci tsire a Sabo bayan wasa yana cin moriyar doguwar sarƙa: makiyayi a daji, dillali a kara, direban tirela da ya kwana a hanyar Jebba, mahauci, mai itace, da matar da ta soya ƙuli-ƙuli.

Dare na masu ganga

Bayan isha sai garin ya sauya murya. A ƙarshen mako ɗakunan taro da otal-otal da filayen biki na Ibadan sukan cika da kiɗa, kuma sarkin wannan dare shi ne fuji. Asalinsa na Musulunci ne. Ya samo tushe daga were, waƙoƙin da samarin unguwannin Yarabawa ke yi suna zagayawa da asuba cikin watan azumi domin tashin mutane sahur, al'adar da duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san irinta. Sikiru Ayinde Barrister, ɗan asalin Ibadan kuma tsohon soja, shi ya fitar da wannan kiɗa daga watan azumi ya mai da shi sana'ar shekara, har ya rasu a Landan a watan Disambar 2010. Garin ya ci gaba da fitar da mawaƙa irin su Abass Akande Obesere da Rasheed Ayinde da Taye Currency.

Kunnen Bahaushe ba ya baƙunta a wurin. Gangan da dundun na Yarabawa dangin kalangu ne, ana matse tsarkiyarsu a hammata su yi magana. Goge ya shiga kiɗan sakara, inda marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi. Mawaƙin fuji yana wasa mai kuɗi da asalinsa da alherinsa kamar yadda Mamman Shata ya yi wa nasa iyayen gida.

Akwai kuma inda fuji ya yi kama da hebi metal. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda ake ɗauka a matsayin uwar wancan kiɗa, ta fito ne a 1968 daga unguwar ma'aikatan masana'antu a Birmingham, kuma mai kaɗa mata jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe. Wasanta na bankwana a watan Yulin 2025 a filin ƙwallon Aston Villa aka yi shi. Kiɗan biyu duk daga unguwannin masu aikin ƙarfi suka taso, duka suna dogara da ƙarfin ganga da ƙarar lasifika, kuma duka sun sha raini daga masu ganin kansu wayayyu kafin su cika filaye.

A ƙasar Hausa ma ba a raba wasan ƙarfi da kiɗa. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, ba ya yiwuwa sai da makaɗi, kuma sunan Shago ya daɗe ne saboda Ɗan Anace ya waƙe shi. Ma'aikacin Abuja da ya taɓa zuwa gidan dambe a Marabar Nyanya ko Dei-Dei ya ga abin da Turawa ke raba wa wuri biyu an haɗa shi a da'ira ɗaya.

Ba kowa ne a Sabo ke zuwa wajen kiɗa ba. Unguwa ce ta malamai da zikiri da makarantun allo, kuma dattawa da yawa suna ganin raba dare a wajen rawa bai dace da mutumin kirki ba. Sai dai ko mai wannan ra'ayi ya san cewa masu dawowa daga biki da tsakar dare su ne ke sayen ragowar tsiren ɗansa. Ga baƙon da ya samu kansa a irin wannan taro, akwai abin lura guda: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙin naira da tattaka ta, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da fitattun mutane a kan haka. Ma'aikacin gwamnati da aka ɗauka a bidiyo yana watsa kuɗi ya saya wa kansa magana.

Abin da ke iya rushe yinin

Irin wannan yini yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: fili mai rai, taro mai tsari, da zaman lafiya tsakanin maƙwabta. Ibadan ta ga abin da ke faruwa idan kowanne ya goce.

Na farko ya shafi Abuja kai tsaye. A ɗaya gefen birnin, wajen Oke-Ado, akwai tsohon filin Liberty da gwamnatin Jihar Yamma ta gina aka buɗe a 1960, wanda aka sauya wa suna zuwa filin Obafemi Awolowo a 2010. A nan Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya a karawa da Ba'amurke Gene Fullmer ranar 10 ga Agustan 1963, karo na farko da aka yi damben kambun duniya a Najeriya, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su haɗu a Kinshasa. Filin ya karɓi wasannin kofin ƙasashen Afirka na 1980 da na gasar matasa ta duniya ta 1999. Mallakar gwamnatin tarayya ne, kuma an shafe shekaru jaridu na kuka da yadda ya lalace. Tun watan Oktoban 2024, da aka rushe ma'aikatar wasanni aka mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, alhakin irin waɗannan filaye ya koma can. Darasin Twickenham a nan yake: filin da ke karɓar wasa yau da makaɗa gobe yana samun abin da zai gyara kansa, wanda aka kulle ana jiran kasafin kuɗi kuwa ciyawa ce ke gadonsa.

Na biyu shi ne tsarin taro. A watan Disambar 2024 yara 35 suka mutu a turmutsutsu a wani taron rabon kyauta a unguwar Basorun ta Ibadan. Tun a 1979 an yi irin wannan rashi a babban filin wasa na Legas, inda mutane fiye da 20 suka rasu bayan wasan Shooting Stars da Bendel Insurance. Yawan ƙofofin fita, hasken fitila, motar asibiti a kusa, da ƙin sayar da tikiti fiye da kujeru, ƙananan abubuwa ne a takarda, amma su ne ke mayar da ɗan kallo gida. Haka batun ƙara: hukumar NESREA na da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009, kuma unguwar da ke tashi sallar asuba tana da haƙƙin barci.

Na uku ya fi sauran nauyi. A watan Fabrairun 2021 saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwar Sasa, a ƙaramar hukumar Akinyele, ya rikiɗe ya zama rikicin ƙabilanci. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, iyalai da dama suka bar garin, har gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka taso suka gana da gwamnan Oyo. Sasa na da tazara da Sabo, amma duk Bahaushen Ibadan ya ji girgizar. Mai sana'ar dare shi ne na farko da ke rufe tukuba idan gari ya ɗauki zafi, shi ne kuma na ƙarshe da ke buɗewa. Shi ya sa fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da fadar Olubadan ba sa wasa da ƙaramar husuma, domin rigakafi ya fi magani.

Ibadan cike take da ma'aikatan tarayya: a sakatariyar Ikolaba, a jami'ar da aka kafa a 1948, a asibitin UCH, a cibiyoyin binciken koko da gandun daji, da hedikwatar runduna ta 2 ta sojan ƙasa. Ɗan Arewa da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa can yakan fara da tambayar inda zai samu masallaci da tuwo da mai jin harshensa, kuma amsar takan kai shi Sabo. In ya ƙara taku kaɗan ya shiga Adamasingba ranar wasa, ya zauna kusa da Bayaraben da bai sani ba, suka yi ihu tare a kan ƙwallo ɗaya, zai fahimci garin fiye da yadda rahoton ofis zai fahimtar da shi.

Waɗanda ke Abuja kuwa, masu rubuta takardar shawara ga minista ko shugaban hukuma, su ne fayil ɗin gyaran fili da na tsaron taro ke bi ta hannunsu. A kan takarda ana lissafa kujeru da ciyawa da fitilu. Ba a cika rubuta mahauci da mai shayi da ɗan acaba da makaɗi da ke jiran a buɗe ƙofa ba, alhali duk mako da fili ya kwana a kulle, su ne ke komawa gida da ragowar kaya.